Na Yi Wa Kwamfutar Ƙawata Turaren Wuta

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana don Allah, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin duk zagin da za ku yi na riga ku yi wa kaina.

Ni ɗaliba ce a jami'ar Aliero, ɗaki ɗaya muke da ƙawata da zan kira Hauwa, 'yar Maiyama, mai karatun zanen gini. Wanda zai aure ta, mu ce Nasiru, gyaran kwamfuta yake yi a Jega. Da za ta fara aikin kammala karatu ya kawo mata laftof, ya rantse mata cewa firosesanta, wato ƙwaƙwalwarta, idan aiki ya yi nauyi gudunsa yana hawa har huɗu da ɗigo biyu. Hauwa ta riƙe kwamfutar nan kamar ƙwai, ta ce kada wanda ya taɓa mata.

Ranar da ta tafi gida duba mahaifiyarta na ɗauko ta zan kalli fim, ga kwanon fura da nono a gefe. Gwiwar hannuna ta bugi kwanon, furar ta bi ta ramukan da iska ke fita. Na kife ta, na goge da ɗankwali, na ga tana aiki, na ce Allah ya rufa asiri. Ashe da sauran rina a kaba. Kwana biyu cikin zafin nan namu sai wari ya fara tashi, irin na ƙwaryar nonon da aka manta ba a wanke ba, kana kunna ta fankar ciki za ta huro maka shi a fuska. Maimakon in kai wa mai gyara, kun san abin da na yi? Na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, irin mai sukari da danƙon nan, na kunna kwamfutar don fanka ta zuƙi hayaƙin, na lulluɓe su da zane kamar ina turara amarya. Sau uku na yi. Wace irin mai ilimi ce za ta yi wannan?

Hauwa ta dawo, kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya, ga zafi kamar dutsen guga. 'Yan ajinsu suka duba, suka ga gudun ya tsaya a sifili da ɗigo takwas, ko me aka ɗora mata ba ya motsi. Suka canza caja, suka kashe tsarin tattalin batir, suka sake loda mata komai sabo, duk a banza. Sai wani sarkin iyayi a cikinsu ya ce ai ƙwaƙwalwar ƙaramar kwamfuta aka sa a jikin babba. Hauwa ta shigo ɗaki idonta ja wur, ta ce min, “Wanda yay yi min ƙarya bisa kwamfuta tun ba a ɗaura ba, mi zai hwaɗa min in na shiga gidanai?” Ni da na san komai, buɗar bakina sai na ce, “Gaskiya kam, abin dubawa na.”

Ashe tun a gaban 'yan ajinsu ta kira shi a waya ta ce masa maƙaryaci. Ta ce ba ta son ganin fuskarsa, ni zan mayar masa da kwamfutar. Na hau mota zuwa Jega. A gabana Nasiru ya kwance murfin ƙasa. Furar ta bushe ta yi kore-kore da baƙi, danƙon turaren ya haɗe da ita ya zama kamar kwalta, ga 'ya'yan kyankyaso sun maƙale a fukafukan fankar sun mutu, ga ƙwayayensu jere a lungu. Warin ruɓaɓɓen nono da ƙamshin turare suka taso tare, na fita waje na tofar da yawu. Da na dawo ya yi min bayani a hankali cewa firosesa idan ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, lafiyarsa lau, numfashi ne aka toshe masa. Sai ya ajiye sukundireba ya dube ni.

“Malama, ke da kuke kwana ɗaki guda, don Allah hwaɗa min. Hauwa haka take da ƙazanta? Hurar ba ta dame ni ba, tsautsayi na. Amma ta turare ɓarnatta, sannan ta kira ni maƙaryaci gaban mutane?”

Nan ne ya kamata in ce ni ce. Kalma biyu kacal. Amma na sunkuyar da kai na ce, “Kowa da halinai, Malam Nasiru.” Hauwar da take wanke min kwano idan na bar shi ya kwana, ita na bari aka kira ƙazama. Abin da na gani cikin kwamfutar nan bai kai ni abin ƙyama ba.

Ya wanke, ya sa sabuwar fanka, gudu ya hau huɗu da ɗigo biyu a kan idona. Ya roƙe ni kada in gaya mata abin da ya gani, wai ba ya son ya kunyata ta, ita ya kamata ta faɗa da bakinta. Na kai wa Hauwa, ta duba lambar ta yi tsaki ta ce, “Kin gani ko? Da anka kama shi ya mai da ƙwaƙwalwar ta gaskiya.” Yau mako biyu bai kira ta ba, yana jiran ta ba shi haƙuri, ita kuma ta ɗauki shirunsa a matsayin kunyar mai laifi. Ta kai maganar wurin kawunta, ranar Asabar manya za su zauna a Maiyama, kuma ta ce min za ta faɗa musu ta fasa auren.

Idan na yi magana, na rasa Hauwa, kuma duk makaranta za a san ni ce ƙazamar, ni ce munafukar. Idan na yi shiru, mutum biyu masu son juna za su rabu, kowa yana ƙyamar ɗan'uwansa a kan laifin da ba nasa ba. Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi, kuma wa zan fara tunkara a cikinsu?