Agogon da Baba Bai Tura Ba

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya gwiwar? Dutsen saman da Dokta Minchev ya ɗauki hotonsa a gidan kallon taurarinku a Afrilun 1983 yana kusanto duniya, amma lissafinmu a nan Italiya ya ƙi zama. Muna zargin lokacin da aka rubuta a jikin hoton. Kai ke buɗe rumfar madubin hangen nesa a shekarun can. Ka tuna wani abu?

'Yarka, Rumyana

Rumyana,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan, ta fi ki zama kusa da ni. Wato sai da dutse ya matse ki kika tuna da tsohon mai shara? Na tuna ranar sarai. Uwarki Dafina tana da cikinki, ta aiko mini da dankali a tsumma. Amma ba zan faɗa a takarda ba. Shi dutsen nan naki kowace shekara bakwai yana waiwayo mu, ke kuwa shekara goma sha ɗaya ba ki zo ba tun da muka binne uwarki. Ki zo ki ji da kunnenki. Waken bana ya yi kyau.

Ubanki, Stoyko

Baba,

Ina gaisuwa. Don Allah ka bar rigima. Sau ɗaya aka ba mu babban madubin hangen nesa, ƙarshen wata. In muka nufi inda ba ya nan, ya sake ɓacewa, ba mu san ko zai faɗo wa jikokin wani ba.

Rumyana

'Yata,

Na gaishe ki, mai taurin kai irin na ubanta. To, ji. A makon ne gwamnati ta ce a tura agogo gaba. Na ce rana ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, na bar agogon rumfar yadda yake. Dokta bai sani ba. Har ya mutu ana yi masa dariyar ya ɓatar da dutse, ni kuwa na yi gum. Ki ƙara awa ɗaya.

Yanzu ba ni da sauran abin da zan jawo ki da shi. Allah ya tsare ki.

Stoyko

Baba,

Mun gan shi, daidai inda awarka ta ce. Zai wuce nesa.

Ka jiƙa waken. Ina tafe a motar Asabar.

Rumyana