Kabarin Inna Bai Nutse Ba

Malama Hye-ran,

"Kafin ruwa ya taɓa kabarin Inna, ni da kaina zan goyo ta a bayana in fito da ita. In ban yi ba, kar ki ƙara ce mini Yaya."

Maganar yayana Deok-hwan ke nan. A tashar mota ya faɗa mini ita, ranar da zan koma makarantar horon malamai, shekarar da ake ƙarasa madatsar ruwan da ta cinye ƙauyenmu. Ina budurwa a lokacin, yanzu na haura hamsin. Don girman iyayenki ki taimake ni da shawara, kafin in aikata abin da zai sa gundumar nan kaf ta ce malamar tarihi ta haukace.

Ina da shekara goma sha biyu Inna ta rasu, aka binne ta a kan dutsen da ke bayan ƙauye. Da maganar madatsa ta tabbata, kowane gida ya shiga kwashe mamatansa. Baba kuwa ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa, saboda haka aikin ya faɗa kan babban ɗa. Da na dawo hutu na tarar an mayar da mu sabuwar unguwa, ƙauye ya zama tafki. Yaya ya durƙusa gaban Baba ya ce damina ta yi sammako, ruwa ya hau da gaggawa, ya je da masu tono bai ga komai ba sai ruwa. Ya yi kuka har da majina. Ni ce ma na rarrashe shi. Ni!

Tun daga nan, duk shekara gab da bikin kaka na Chuseok, mu mutanen ƙauyen da ya nutse muna taruwa a rumfar bakin tafki, mu jera 'ya'yan itace da busasshen kifi da giyar shinkafa, mu sunkuya wa ruwa. Ni nake jefa wa Inna fararen furanni. Fiye da shekara talatin ina wannan. Da Baba ya zo rasuwa, abu ɗaya ya yi ta maimaitawa: ya so a ce ya kwanta kusa da ita. Muka binne shi a maƙabartar gunduma, muka tona rami a gefensa muka sa tsinken gashinta na azurfa da matajinta, muka rufe. Yaya ne ya zuba ƙasar farko a kan matajin, hannunsa ko rawa bai yi ba.

Bara cibiyar al'adu ta gunduma ta nemi masu taimakawa a tattara sunayen ƙauyukan da ruwa ya ci, kafin tsofaffi su ƙare. Na shiga. Aka buɗe mini akwatunan tsofaffin taswirori, wata tun zamanin mulkin Japan, wata kuma ta 'yan shekaru kafin madatsa. Da na shimfiɗa ta biyun sai ga ƙauyenmu, gidaje ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ga gadar katako, ga wurin niƙa. Na ɗauki fensir na bi hanyar da muka bi da gawar Inna, don kawai in ji daɗin tunawa: a ƙetare rafi, a wuce ƙaramin wurin bautar dutse, a kai maɓuɓɓuga, kabarin yana sama da ita kaɗan. Duk suna nan da alamominsu.

Kin san siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da suke nuna tsayin tudu. Fensirina yana ta ƙetare su ɗaya bayan ɗaya, sai na tuna yadda cinyoyina suka yi tsami ranar jana'izar, har kawuna ya ɗauke ni a kafaɗa. Ruwa ba ya hawan da yake sa cinya tsami. Na ɗauko sabuwar taswira mai nuna tafkin na ɗora a kan tsohuwar, na manna su a gilashin taga rana ta ratsa. Bakin tafki ya tsaya a layin mita ɗari da sittin. Maɓuɓɓugar ta haura ɗari biyu.

Na ce idona ne. Na goge tabarau na sake ƙirgawa. Na ɗauko ta zamanin Japan, ita ma haka ta ce. Hanya ruwa ya cinye, ba kabari ba. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane cewa kar su yarda da labari sai sun duba tushensa, ashe ni ce babbar wawiyar ajin.

Kwanaki kaɗan bayan Chuseok na je wurin mai kwalekwalen da yake kai mutane kaburburan da ruwa ya yanke wa hanya. Na nuna masa wurin a taswira. Ko dubawa bai yi sosai ba ya ce, "Af, na gidan Pyo kike nufi? Ai mai gonar tuffa ya riga ya je bana, ni nake kai shi duk shekara. Ke kuma wace ce a wurinsu?"

Pyo sunan gidanmu ne, mai gonar tuffa kuwa Deok-hwan. Malama, na hau dutsen nan ina tsammanin ƙaya da sarƙaƙiya. Na tarar da kabari a share, ciyawa an aske ta lif, ga teburin dutse a gaba, ga ƙoƙon giya bai ma gama bushewa ba, ga alewar citta irin wadda Inna take ɓoyewa a tulun shinkafa. Na zauna a ƙasa. Kuka ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in gaishe ta, na rasa da me zan fara, don ban san yadda ake ce wa uwa "na ɗauka kina ƙarƙashin kifi" ba.

Daga nan gonar Deok-hwan na wuce, na same shi yana jera tuffa a akwati. Na ajiye masa alewar a gabansa. Kin san abin da ya fara fitowa daga bakinsa? "Wa ya kai ki?"

Sai da na ɗaga murya har ma'aikata suka tsaya kallo sannan ya faɗi gaskiya. Wai mai duban makwanci, wato masanin wurin da ya dace da kabari, da ya ɗauko don ya zaɓi ranar tono, da ya tsaya ya ga inda ruwa zai kai, sai ya ce dutse a baya, ruwa a gaba, tuddai hagu da dama kamar hannuwa, irin wannan wuri sarakuna ke nema su rasa. Duk wanda ya tone shi ya tone arzikin zuriyarsa. A lokacin ɗansa na fari, Jun-seop, jariri ne mai yawan ciwo. Ya san Baba ba zai yarda a bar ta can ba, ya san ni ma ba zan yi shiru ba, sai ya nutsar mana da ita da bakinsa.

"Ki dubi Jun-seop," in ji shi. "Yaron da aka ce ba zai kai shekara ba, yau likita ne."

Na ce, "Jun-seop ya zama likita ne don uwarsa ta ƙarar da gwiwoyinta a gonar nan, shi kuma ya ƙarar da idonsa a littafi. Ka mayar da Inna takin gona ke nan?"

Ya ce, "Ke fa kin yi aure, kaburburan gidan mijinki ne naki. Wannan maganar maza ce."

Na ce, "To, mai gonar tuffa, daga cikin wa na fito?"

Ban ƙara ce masa Yaya ba tun ranar. Shi ya yanka wa kansa wannan hukunci, ni cika masa kawai na yi.

Mijina ya ce in bar mamata su huta. Wane hutu, tsoho yana kwance da mataji? Shekara mai zuwa akwai watan ƙari a kalandar wata, lokacin da ake taɓa kabari ba tare da fargaba ba. Na ba Deok-hwan wa'adi zuwa sabuwar shekara, ranar da dangi za su taru a gidansa. Ya faɗi abin da ya yi a gaban kowa, ya yarda a kawo Inna gefen Baba. In ya ƙi, watan ƙari na kamawa zan ɗauki masu tono da kwalekwale in kwaso uwata da hannuna, sannan a taron bakin tafki in shimfiɗa taswirar a kan teburin hadaya, in ƙirga wa mutanen ƙauye layukan da ƙarfi.

Ki gaya mini in akwai inda na kauce.

Wadda Ta Yi Ta Gaida Ruwa

*

'Yar'uwa,

Fushinki yana kan hanya. An raba ki da kabarin mahaifiyarki kina raye, an bar tsoho ya mutu da baƙin cikin da ba shi da tushe. Tsoron da uba ya ji a kan jaririnsa yana bayyana ƙaryar shekarar farko. Bai isa ya wanke ta shekara talatin ba, balle ranar da aka binne mataji. Maganar cewa kin yi aure kuwa, amsar da kika ba shi ta wadatar.

Amma ki sake duba abin da kika gani a kan dutsen. Mutumin da arziki kawai yake tsaro, yankan ciyawa ya ishe shi. Alewar citta ta wanda yake tuna uwarsa ce. Yayanki ya daɗe yana hawan dutsen nan shi kaɗai da lauje da abin da ya sani, kuma ina zaton kowace shekara faɗin gaskiya ƙara masa nauyi yake yi. Ban ce ki yafe ba. Ina so ki san da wa kike faɗa.

Inda kika kauce wuri biyu ne. Na farko, masu tono. Ba a buɗe kabari sai da sanarwa ga hukuma da yardar wanda hidimar mamatan gida take hannunsa, kuma mai yiwuwa shi ne. Ki tambayi lauya kafin ki ɗauki ko shebur, kar a wayi gari ke ce mai laifi shi ne mai ƙara. Na biyu, teburin bakin tafki. Waɗancan mutane, wasunsu nasu mamatan da gaske suna ƙarƙashin ruwa. Kar ki mayar da ranar kukansu kotun gidanku. Taswirar ki kai ta inda aka nema, cikin littafin cibiya, wataƙila wani gidan ma ya gano nasa kabarin da ya fid da rai da shi.

Wa'adinki na sabuwar shekara ki bar shi yadda yake. Ki sanar da shi tun yanzu, ke da shi, abin da za ki faɗa in bai faɗa ba, don ya samu damar buɗe baki da kansa. Matarsa da Jun-seop ma suna da haƙƙin ji. Likita ne, ki bar shi ya gaya wa ubansa ko yana son a ce da kukan kakansa aka sayi lafiyarsa.

Sai abu na ƙarshe, wanda na ga fushi ya rufe miki shi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda mahaifinki ya ce a kawo masa ita ba. Cewa ya yi yana so ya kwanta kusa da ita. Dutsen nan yana kallon ƙauyen da suka yi aure a cikinsa, maƙabartar gunduma kuwa ba ta san su ba. Watan ƙarin da zai ba da damar ɗauko ta, shi ne zai ba da damar kai shi. In yayanki ya ce ko wannan zai ɓata masa makwanci, to kin san abin da yake karewa, sai ki nufi lauya da zuciya ɗaya. In ya yarda, ki tuna masa ya taɓa yin alkawarin goyo. Bai goyi Inna ya sauko da ita ba, to ya goyi Baba ya hau da shi, ke kuma ki bi bayansu da tsinken azurfa da mataji.

Kafin nan, kwalekwale yana nan, kuma ba ki buƙatar izinin kowa. Ki koma tun sanyi bai kankama ba, ki tafi da furanninki, wannan karon ki ajiye su a ƙasa.

Ina miki fatan sauƙin zuciya da ƙarfin cinya.

Hye-ran