Wa Ya Ce a Tumɓuke Jemar Bakin Rafinmu?

Zuwa ga Alhaji Sabo, Shugaban Kwamitin Kula da Rafin Ƙauyenmu, yankin Sundimina.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar firamare, mai lambun da ke kusa da mashaya, wanda na gada daga mahaifina. Na yi ta aike gidanka ana cewa kana Birnin Kudu, shi ya sa na rubuto a fili.

Ka san yadda muka taso. Ciyawar jema ta bakin rafi ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce. Ba a yankarta sai bayan kaka, ba a taɓa saiwarta. Duk wanda ya yanki dami, sai ya tsaga gindi ɗaya ya dasa a inda gaɓa ta yi sanƙo. Makiyaya ma sun kiyaye, ba sa gangaro da shanu sai ta mashaya. Babu wanda ya rubuta dokar nan, amma gaɓa ba ta taɓa motsi ba.

Bara da rani kwamitinka ya sa aka tumɓuke jemar har saiwa, aka ƙona, aka jera dashen bishiyar turare domin baƙi masu zuwa duba aiki. Baƙi sun zo, an ɗauki hoto, sun tafi. Awaki da rana suka gama da dashen. Da damina ta yi tsakiya gaɓa ta zabge, ta tafi da mangwaron da mahaifina ya shuka da kusan rabin lambun nawa. Yau idan na tsaya a bakin rijiyar lambun, ina hango gindin rafi a ƙarƙashin ƙafata.

Raina a ɓace yake, Alhaji, amma mamaki ya fi yawa. Ga abin da nake son sani:

1. Wa ya fara kawo shawarar? An ce don macizai ne. Mun yi shekaru muna wanki a wurin, sai a faɗa mini sunan wadda maciji ya sara.

2. Na karanta cewa a wasu ƙasashe da gangan ake dasa irin wannan ciyawa don ta riƙe ƙasa, saboda saiwarta tana nutsawa fiye da tsayin mutum. Yaya aka yi tamu, da Allah ya ba mu kyauta, ta zama datti? Ko don ba a mota aka kawo ta ba?

3. Wannan ce ta fi ɗaure mini kai. Kai ba baƙo ba ne. Da idona na ga kana bin Inna, mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, da gindin jema a ka kuna dasawa. Ranar da aka kunna wutar nan kana tsaye. Me ka ji a ranka? Wallahi ba gatse nake yi ba, so nake na gane yadda mutum yake manta abin da hannunsa ya sani.

Ba diyya nake nema ba, ƙasar da ta bi ruwa ba ta dawowa. Roƙona shi ne ka kira gayya kafin ruwan farko, manoma da makiyaya da mata. 'Yan'uwana a Farin Dutse sun yarda mu ɗebi gindin jema a bakin nasu rafin. Sannan ka sanar a masallaci ranar Juma'a cewa tsohuwar dokar ta dawo, da bakinka, don da bakinka aka karya ta.

Idan ba ka kira ba, ni zan fara dasawa daga gaban rijiyata. Sai dai ka sani, jemar mutum ɗaya ba ta tare rafi. Ruwan da zai ci ragowar lambun nawa, gonarka ce za ta biyo baya.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon gyara, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Hajiya Rabi