Halimatu Biyu a Gidan Alhaji Nata'ala

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa ya gafarce ni da ɓata masa lokaci. Don kaina nake rubutawa.

Aikina a ma'ajin magani na ƙungiyarmu a Ƙanƙara shi ne fitar da jerin marasa lafiyar da ake kai wa magani duk wata a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Da wannan jerin ake ɗaure ƙullin kowa. Mota sau ɗaya take fita a wata, da rakiya, saboda halin da hanya take ciki. Ta fita shekaranjiya. Yau na ƙirga: katunan asibiti 1,214, ƙullin da aka ɗaure 1,211. Sau huɗu na ƙirga.

Talata, 10 ga Oktoba

Ni na taɓa manhajar da ke fitar da jerin a watan jiya. Tana kwaso sunaye ta zuba a wani tebur na wucin gadi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ta buga. Ƙasidar da na koyi aikin da ita, wadda injiniyan da ya koma Kaduna ya bar mini, ta ce a yi wa tebur mabuɗi, wato a zaɓi bayanan da za su bambanta wannan layi da wancan. Na zaɓi uku: suna, sunan maigida, ƙauye. Na kuma umarci teburin kada ya karɓi mabuɗi ɗaya sau biyu. A lokacin har na yaba wa kaina.

Shafi na 27 ya ce idan tebur ya ƙi karɓar layi ba ya sanarwa, sai dai ya ajiye lamba huɗu a maimakon sifiri, kuma wajibi ne a duba. Akwai jan biro a ƙarƙashin jimlar. Hannuna ne. Ban duba ba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na gano ukun. Biyu maimaici ne na gaskiya, mutum ɗaya da kati biyu, alhamdu lillahi. Ta uku: Halimatu Sa'adiya, gidan Alhaji Nata'ala, Mabai. Katuna biyu, ɗaya shekara 71, hawan jini. Ɗaya shekara 19, farfaɗiya. Tsohuwar ta fara shiga, teburin ya rufe wa yarinyar ƙofa.



Alhamis, 12 ga Oktoba

Malama Bilki, ma'aikaciyar lafiya ta Mabai, ta hau tudu ta samu sabis ta kira ni. Kaka ce da jika. An sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Alhaji, don haka babu mai kiranta da shi a gida, Iya Ƙarama suke cewa. Na san wannan al'ada, a gidanmu ma akwai. Ban kawo ta a rai ba lokacin da nake gaban kwamfuta.

Ta ce ƙwaya uku suka rage, yarinyar kuma ita ke girkin gidan. Bara da magani ya yanke, a bakin murhu ta faɗi.

"Malam Abdulgafar, kai da ko wasali ba ya wuce ka, mi ya faru?"

Na ce ana bincike.

Juma'a, 13 ga Oktoba

A taron safe shugabarmu, Hajiya Barakatu, ta ce tabbas Bilki ce ba ta turo katin ba, za a rubuta mata takardar tuhuma, yarinyar kuma ta jira motar wata mai zuwa. Ta juyo ta tambaye ni ko na'ura tana kuskure. Na ce na'ura abin da aka gaya mata take yi. Ban yi ƙarya ba. Ban kuma faɗi gaskiya ba. Shekarata arba'in da tara, ba ni da takardar shaidar wannan aiki, 'ya'ya shida.

A masallaci ban san abin da liman ya karanta ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ƙwaya ɗaya ta rage wa yarinyar. Na gyara mabuɗin, na mayar da shi lambar katin asibiti, na sa manhajar ta tsaya cak duk lokacin da aka ƙi layi. Ya fito 1,212. Gyaran minti goma ne. Ba zai kai magani Mabai ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na sa mai kula da ma'aji ya ɗaure ƙullin yarinyar, na sa hannu a kan na karɓa. Na gaya wa iyalina zan je ofis. Na shiga motar 'yan kasuwa zuwa Mabai. Duk inda dawa ta rufe gefen hanya sai kowa ya yi shiru. Da muka hangi babura uku, tsohon da ke kusa da ni ya riƙe mini gwiwa har suka wuce. Masu buhunan masara ne.

Na sami Iya Ƙarama a tsaye tana tankaɗe, da tabon wuta a hannun hagu. Na miƙa mata ƙullin. Alhaji Nata'ala ya yi ta godiya. Na gaya masa laifina ne, na yi masa bayanin mabuɗi. Tsohuwar na jinmu daga tabarma.

"Wato injinka cewa ya yi mu ɗaya ce? To ka gaya mashi ni ina da jika goma sha ɗaya, ita ko miji ba ta da shi."

Suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na rubuta takardar amsa laifi, na miƙa wa Hajiya. Ga kwafin ƙarshenta:

Bisa abin da na bayyana a sama, wanda kuskurena ne ni kaɗai, ina roƙon:

1. A janye tuhumar Malama Bilki, a sanar da ita dalili.
2. A yanke mini hukuncin da ya dace.
3. Idan an bar ni a aiki, a ba ni gurbi a motar kowane wata, domin in riƙa ganin masu katunan da idona.

Ina jiran amsa a rubuce.