Ta'aziyyar Malam Rub-da-Ciki, da Batun Wurinsa a Cikin Ciyawa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Matasa Masu Koyon Ɗaukar Hoto, a madadin Mai Girma Shugabanta, Kwamitin Amintattu, malamai da ɗalibai, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar babban malaminta, ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa ta, kuma Jagoran Ajin Asabar, dattijon da yaranmu suka laƙaba wa Malam Rub-da-Ciki, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan gajeriyar jinya.

Shekara goma sha tara marigayin yana fita da ɗalibai kowace Asabar da safe zuwa filin bayan tankin ruwa, inda mutanen unguwa ke sakin karnukansu su yi wasa. Ya zaɓi karnuka ne, in ji shi, domin kare ba ya tsayawa a gyara masa wuya, ba ya kuma cewa a sake. Duk yaron da ya kama shi a hoto yana gudu zai iya ɗaukar kowa. Darasinsa na farko shi ne, wanda ya ɗauki hoto a tsaye gadon bayan kare kawai zai samu. Sai ya kwanta rub da ciki, gwiwar hannu a ƙasa, kyamara a ido, kullum a wuri ɗaya, taku goma daga ƙafar tankin. A hankali karnukan suka mai da shi abin tsallake, shi kuma ya yarda, domin ɗalibai su samu kare a iska. Tsohuwar karya guda mai ɗingishi, wadda yara ke kira Gwaggo, ba ta iya tsalle, sai ta zagaya ta wajen ƙafafunsa. Rigar da zai yi salla da ita kuwa tana naɗe a leda cikin jakarsa, saboda najasar karnuka.

Ni da na koyar a gefensa na ga yaran da ba sa iya haɗa ido da kowa sun koyi haƙuri, sun koyi riƙe numfashi, sun koma gida da hoton da iyayensu suka manna a bango.

Ya zama dole ƙungiya ta yi magana a kan hoton da ke yawo a wayoyin iyaye. Ranar Asabar da ta wuce, kwana huɗu da rasuwarsa, na fita da ɗalibai goma sha biyu zuwa filin, da niyyar mu yi masa addu'a mu dawo. Aka saki karnuka kamar kullum. Suka taho a guje, da suka zo taku goma daga tankin sai suka tsallake, ɗaya bayan ɗaya, alhali babu komai a wurin sai ciyawa a kwance. Gwaggo ta zo a ƙarshe, ta tsaya, ta kaɗa wutsiya, sannan ta yi zagayenta, daidai tsawon mutum, ba ta rage ba. Babbar ɗalibarmu ce ta danna kyamara, kuma muna tabbatar wa jama'a cewa ba a taɓa hoton da komai ba.

Tun daga ranar iyaye bakwai suka sanar da mu 'ya'yansu ba za su ƙara zuwa ba, kuma in aka ci gaba a haka ajin da marigayin ya gina zai mutu mako biyu bayansa. Mun fahimci fargabarsu. Mun kuma gaya wa ɗalibai abin da ilimi ya tabbatar, cewa dabba tana riƙe sabo da ƙanshi. Sai dai ba za mu ɓoye ba: mai yankan ciyawa ya bi wurin ranar Litinin, an yi ruwa sau biyu, jiya da safe na je ni kaɗai na tarar da ciyawar a kwance, har da gurbin gwiwar hannu biyu.

Kwamiti ya kai hoton wa mai ɗakinsa, uwarmu, tare da alkawarin rufe ajin in haka take so. Ta daɗe tana kallo, ta share ido, ta yi 'yar dariya, ta ce shekara goma sha tara tana dirzar koren ciyawa daga gaban rigunansa, ba ta yi wannan wahala don a rufe aji ba. Ta miƙo mana kyamararsa da sharaɗi guda: «Ku kai yaran. Amma ku bar masa wurinsa, ku kwanta daga gefe.»

Muna miƙa ta'aziyyarmu gare ta, da 'ya'yansa uku, da jikoki, da ɗaukacin dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Ajin Asabar zai zauna da ƙarfe bakwai, kuma uwarmu ta ce da ita za a je. Muna roƙon iyaye su rako 'ya'yansu. Za mu kwanta daga hagu.

Sa hannu,
Malam Tabarau, kamar yadda ɗalibai ke kira,
Kakakin Ƙungiya kuma Mataimakin Jagoran Ajin Asabar