Kofin da Aka Kife

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ina fatan kin daina hawa benen nan kamar wata 'yar shekara ashirin.

Ranar Asabar 'yata Auta ta kai ni kallon gwajin fim ɗinta na farko. Haka suke yi: kafin a saki fim sai a tara mutum ɗari biyu su kalla, a raba musu kati kowa ya rubuta ra'ayinsa. Labarin wata mata ce da mijinta ya mutu, wani ɗan sanda mai doguwar riga yana ta zarya gidanta, ba ya tambayar komai sai kallo. Hoton kam ya yi kyau, amma tafiyarsa sai mai haƙuri. Mutumin da ke gefena ya yi minshari har sau biyu.

Da aka tashi Auta ta ɗora mini kwalin katunan, wai shekara talatin ina duba rubutun ɗalibai, ba rubutun hannun da zai gagare ni. Wani ya rubuta, "Na je banɗaki na dawo, matar nan tana nan inda na bar ta." Wata ta ce fim ne na masu nutsuwa, wanda ke son harbe-harbe ya nemi wani. Amma yawancinsu wuri ɗaya suke kuka da shi, inda matar ta tsaya minti uku cur a kicin tana kallon kofin shayi.

Ni ban ga jinkirinsa ba, Yaya. Farin kofi ne mai bakin zinare, a kife a kan faranti. Kin tuna namu?

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki


Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan wasiƙata ta same ki lafiya. Ban jira amsarki ba, don idan na jira ba zan iya rubuta wannan ba.

Kin tuna dokar da muka kafa lokacin jinyar baban Auta, da kika tare a gidana kina taya ni. Likita ya ja mana kunne cewa maganin ciwon nan mai ƙarfi ne, sau ɗaya tak da yamma. Sai muka ce duk wadda ta ba shi ta wanke kofin ta kife a kan faranti, don ɗayar ta san an bayar. Ranar nan kin ba shi da ƙarfe huɗu kika fita sayen sabulu. Na dawo daga makaranta na sake ba shi. Bai farka ba.

Na ce miki a tsaye na tarar da kofin. Kika yarda mantuwa kika yi, kika yi kukan da ya fi nawa. Shekara ashirin da ɗaya kenan ba kya iya ba ko jikanki maganin tari sai kin kira wani ya tsaya a kanki.

A kife yake, Yaya. Kin kife shi.

Wata takwas yana roƙona in hutar da shi, ina yi masa faɗa. Ranar na shigo na ji nishinsa tun daga ƙofar gida. Na tsaya a gaban kofin nan ban san iya daɗewar da na yi ba, sannan na juya shi.

Haka matar fim ɗin ta yi, har yadda ta goge hannu a gefen zaninta. Akwai katunan da suka yaba wa Auta a kan wurin. Wani malamin jami'a ya cika gaba da baya, wai dubi gwaninta, kyamara ba ta motsi, an ajiye ta ƙasa-ƙasa, gefen ƙofa ya rufe rabin hoton, sabon salo ne. Ba salo ba ne. Daidai tsayin yarinya 'yar shekara tara ne idan ta leƙo ta ƙofar kicin ɗinmu.

Tsoro nake ji. Jiya Auta ta kira ni sau uku, ina kallon wayar har ta katse. Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. So nake dai ki sani hannunki bai yi kuskure ba.

Ƙanwarki


Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki, ko da yake mako uku ban ji daga gare ki ba. Na san wasiƙar ta iso, ɗanki ya ce shi ya miƙa miki da hannunsa.

Auta ta zo da kanta ranar Laraba da hantsi. Ta zauna a kicin, a kujerar babanta, ta tambaye ni sakamakon katunan. Na gaya mata mutum ɗari da arba'in sun ce a yanke wurin kofin. Ta ce masu kamfanin ma haka suke so, amma kati ɗaya ya rage ba a cike ba, kuma da shi za ta yi aiki. Ta ciro shi daga jaka ta ajiye a gabana da biro. In na ce a yanke, za ta yanke, ba kuma za ta sake tayar da maganar ba har abada.

Ƙofar fita ta buɗe mini, kin gani. Na ɗauki biron. Ita kuwa ta zuba mini ido irin na ɗan sandan fim ɗinta.

Na rubuta kar a yanke. A ƙasa akwai layin da ake tambaya ko akwai abin da mai kallo ya ga bai yi daidai ba. Nan na rubuta cewa matar fim ɗin ba ta waiwaya ba, ni kuwa na waiwaya. Na ga idon yarinyar a bakin ƙofa, na gane ta, kuma duk da haka na juya kofin.

Ta karanta a hankali. Ta ce ta ɗauki wannan waiwayen, sau tara ma ta sa 'yar wasan ta maimaita shi, amma ita da kanta ta cire, don ta kasa kallonsa. Ta ce yanzu za ta mayar. Ba ta yi kuka ba, ba ta rungume ni ba, amma ta sha ruwa a gidana kafin ta tafi, kuma da shi nake ta rarrashin kaina.

Za a buɗe fim ɗin ranar sha biyu ga wata. Ta ajiye mana kujeru biyu a jere, tawa da taki. Mutane za su yi hamma, wasu su danna waya. Ni zan zauna minti ukun nan ko da ni kaɗai ce. In kin zo, ba sai kin gaishe ni ba.

Ki kula da gwiwarki.

Ƙanwarki