Sandar da Ke Tsakanin Kujeru

Asabar, 4 ga Maris

Ban taɓa gaya wa kowa ba: duk wasiƙar da aka ba ni in kai, sai na ɗaga ta a hasken taga na gwada karantawa. Yau na wuce nan. Na buɗe.

Anti Injiniya ce ta ba ni, mai gyaran jirage a inda Yaya yake koyon tuƙin jirgi. Ina zaune da littafina a bakin rumfar jirage, ina gadin keken guragunsa kamar kullum, sai ga ta da jakar tafiya. Wai za ta yi kwana goma, Kyaftin, malamin Yaya, kuma yana sama, in miƙa masa hannu da hannu. Na zaci ta soyayya ce. Har zuciyata ta fara bugawa don murna.

Ashe ƙarar Yaya ta kai.

Lahadi, 5 ga Maris

Na karanta sau shida. Maganar filaf ce, wannan ɓangaren bayan fuffuke da ake lanƙwaso shi don jirgi ya rage gudu wajen sauka. A jirgin Yaya da hannu ake jansa. Sandar tana kwance a ƙasa tsakanin kujeru, kamar birkin hannu na mota. Tun haɗarin da ya zaunar da Yaya a keke bayansa ba ya riƙe shi in ya sunkuya, hannunsa ba ya kaiwa.

Ta rubuta wai yana ɓoye wani maɗauri, yana maƙala wa sandar duk ranar da Kyaftin ya bar shi shi kaɗai yana gwaji a ƙasa. Da maɗauri zai iya jawo ta sama, amma ba zai iya danna maɓallin da ke mayar da ita ba. Kada a bar shi ya tashi shi kaɗai sai ƙarin hannun sandar da ta je ɗaukowa ya iso.

Asabar mai zuwa ce tashinsa na farko ba Kyaftin. Shekara biyu yana jira.

Talata, 7 ga Maris

Ban yarda da ita ba. Me ya hana ta faɗa a gaban Yaya? Na sha ganin yadda take kallonsa in yana dariya da yarinyar ofis. A littattafai irinta ce ke shiga tsakani, shiru-shiru, hannu duk baƙin mai. Wasiƙar tana cikin littafina, a shafi na tamanin, inda jarumin ya tafi bai waiwayo ba.

Laraba, 8 ga Maris

Maɗaurin jakata ta makaranta, mai ruwan toka, wanda na yi wata guda ina zargin 'yan ajinmu da shi. Yana aljihun bayan keken Yaya. An yi masa ƙulli a baki.

Alhamis, 9 ga Maris

Mama ta goge masa farar riga tun yanzu. Ta gayyaci ƙannenta biyu su zo kallo, tana ta maimaita cewa likita ya ce ko mota ba zai sake tuƙawa ba.

Da la'asar birona ya faɗi kusa da ƙafarsa. To, ni na yar. Ya kama hannun keke da hagu, ya miƙa dama, ya miƙa, yatsunsa na lilo a sama da shi. Sai ya yi dariya ya ce in ɗauki abina, shi ba yarona ba ne.

Juma'a, 10 ga Maris

Na tambaye shi, kamar wasa, wa ke jan sandar in suna sama. Ya ce Kyaftin yakan taɓa masa, amma ya nuna masa a ƙasa cewa yana iyawa in ya sassauta bel ɗin kujera. Na ce in ya zo sauka ya fasa fa, dole ya mayar da ita?

Ya kalle ni ya ce:

"'Yar Littafi, wa ya aiko ki?"

Na ce babu kowa. Ya ce ba zai kai ga haka ba, sau ɗaya zai sauka, lafiya lau. Sannan a hankali: "In aka ɗaga ranar, mutane za su ce dama sun faɗa."

Bai ce abin da zai ƙaryata Anti ba. Na jira ya ce, bai ce ba.

Asabar, 11 ga Maris

Muna mota. Mama na gaba tana waya, Yaya na gefena cikin farar rigarsa, yana kaɗa yatsa a gwiwar da ba ya ji. Zai daina yi mini magana, na sani. Wataƙila sati, wataƙila har in gama makaranta. Kuma sai na gaya wa Kyaftin dalilin da bakin ambulan ɗin wasiƙar yake a yage, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Har yanzu ina ganin Anti tana sonsa. Sai dai na daina tabbatar da cewa mugunta ce.

Littafin na bar shi a gida, ban ma lura ba sai yanzu. Wasiƙar kawai na zaro. Ga motar Kyaftin can a bakin rumfa. Kafin in sauke keken zan je.